Katin Charlene Ya Daina Aiki

SHAFI NA 17

Masu cewa na bar ku a rataye, na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allah da ta ce za ta biyo ni gida ta ƙwace wayata. Ku yi haƙuri, aiki ne ya sha kaina. Wanda kuma yau ya shigo, ga inda muke: Charlene Tackett, shekararta arba'in da shida, tana zaune a wani ƙaramin gari na jihar Tennessee. Wata huɗu da suka wuce ciwon damuwa ya kwantar da ita asibiti kwana goma sha ɗaya. Mijinta Dwight yana aiki a masana'antar kujerun mota, kuma ta aikinsa suke da inshorar lafiya. Mun tsaya Charlene tana gaban teburin kantin magani.

*

"Sake gwadawa, Vonda."

Vonda ta gyara tabarau, ta sake buga lambar katin a kwamfuta. Ta ɗan jira. 

"Yaya?"

"Sau uku ke nan, 'yar'uwa. Magana ɗaya yake maimaitawa."

"Me yake cewa?"

Shekara ashirin suna zama a benci ɗaya a coci. Vonda ce ma ta kai mata tuwon dankali da soyayyar kaza ranar da aka sallamo ta. Don haka sai ta sunkuyo, ta rage murya don kada na baya su ji.

"Ya ce katin nan ba ya aiki. An rufe shi tun ƙarshen watan jiya."

Charlene ta yi 'yar dariya, wadda ba ta kai ciki ba.

"Injin naku ne ya rikice. Shekarar Dwight goma sha tara a wurin nan."

"Allah ya sa. Ni ma abin da nake fata ke nan." Vonda ta sake leƙa kwamfutar. "Sannan kuma kin zo da wuri. Ya kamata a ce kina da na fiye da sati guda a gida."

Charlene ta kawar da kai.

"Sun zube min a banɗaki."

Ƙarya ce. Ba abin da ya zube. Sati biyu ke nan tana lura robar maganin na raguwa fiye da yadda take sha. Ta yanke wa kanta hukuncin cewa mantawa take yi ta sha sau biyu. Ba ta gaya wa kowa ba, har likitarta, don tsoron kada a ce kan ya sake kwancewa, a mayar da ita ɗakin nan mai tagar da ba ta buɗuwa.

"To idan zan saya da kuɗina fa? Nawa ne?"

Vonda ba ta faɗa da baki ba. Takarda ta yago, ta rubuta, ta turo mata.

Dala dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in. Na wata ɗaya.

Da kati, talatin da biyar take biya.

"Babu mai araha irinsa?"

"Wannan sabo ne, ba a fara yin na araha ba tukuna. Masu arahar su ne huɗun nan da kika sha a baya."

Ta tuna su sarai. Ɗaya ya ƙara mata ƙiba har zoben aurenta ya ƙi fita. Ɗaya ya mayar da ita kamar gunki. Biyu kuwa kamar ta sha ruwa. Wannan na biyar shi ne ya sa ta iya tashi ta yi wanka ba tare da an roƙe ta ba.

Wani tsoho mai sanda a bayanta ya yi gyaran murya.

"Madam, ƙafar nan tawa ba ta ƙarfe ba ce fa."

"Ka yi haƙuri, Baba Elroy, maganin basir ɗinka ba gudu zai yi ba," Vonda ta ce ba tare da ta dube shi ba. Mutanen layi suka yi dariya. Ta kamo hannun Charlene. "Nawa suka rage miki?"

"Biyu."

"Ji nan. Kada ki kuskura ki yanke shi rana ɗaya. Jiri, amai, rashin barci, sannan abin ya dawo fiye da dā. Ki kira lambar da ke bayan katin yanzu. Ki kira ofishin likitarki ki ji ko suna da 'yan na gwaji. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Charlene. Kin ji ni?"

"Na ce na ji."

*

A cikin mota ta kira, gilashi a rufe, zafi kamar tanda.

Danna ɗaya. Danna huɗu. Faɗi ranar haihuwarki. Ba mu gane ba, sake faɗa. Sai kiɗa. Bayan kowane minti biyu wata murya ta ce mata kiranta yana da muhimmanci a wurinsu.

Minti talatin da takwas kafin mutum ya ɗauka. Wani saurayi ne mai ladabi, da jin muryarsa daga takarda yake karantawa.

"Na gode da haƙurinki, Madam Tackett. Eh, na gani. Inshorar ta ƙare ranar talatin ga Yuni."

"Saboda me?"

"Ma'aikatar ce ta aiko mana da sanarwa."

"Sanarwar me?"

"Cewa mai katin ya daina aiki da su."

"Wane mai katin?"

"Mista Dwight Tackett, madam. Tun biyar ga Yuni."

Ta ƙura wa katin ido.

"Madam? Kina ji na? An aika muku da wasiƙa gida, mai bayanin yadda za ku ci gaba da inshorar da kuɗinku. Akwai wani abu kuma da zan taimaka miki da shi yau?"

Ta kashe wayar.

Biyar ga Yuni. Yau ashirin da uku ga Yuli.

Da safen nan da hannunta ta yanka masa burodi, ta sa nama da cuku, ta zuba shayi mai ƙanƙara a gora, ta rufe kular. Ya sumbaci goshinta ƙarfe shida saura kwata, ya ce yau akwai aiki da yawa.

Ina yake zuwa?

*

Ƙarfe huɗu saura ashirin ta ji ƙarar a-kori-kurarsa a kan tsakuwar ƙofar gida, daidai lokacin da ya saba. Tana zaune a teburin kicin. Ta ajiye katin a tsakiya, robar maganin a gefensa.

Ya shigo da shuɗiyar rigar aiki mai sunansa a ƙirji. Ya cire hula, ya ajiye kula a bakin famfo.

"Kai, yau rana ta yi. Me aka dafa a gidan nan, ko yau ma azumi za a sa ni?"

"Yaya aiki?"

"Aiki dai. Kin san shi."

"Yaya Curtis?"

Curtis shi ne mai kula da sashensu.

"Yana nan, yana ta ihunsa."

"Yau ka gan shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Kullum ba ina ganin..."

Idonsa ya sauka kan teburin. Maganar ta maƙale.

"Zauna, Dwight."

"Charlene..."

"Zauna!"

Ya ja kujera. Katon mutum, mai hannu kamar faranti, amma sai ya zauna a gefen kujerar kamar baƙo.

"Na je wurin Vonda."

Ya dubi katin.

"A gaban mutane, Dwight. A gaban Baba Elroy. Ina cewa injinsu ne ya lalace, mijina shekararsa goma sha tara a wurin. Ina kare ka!"

"Da ma zan gaya miki."

"Yaushe?"

"Idan na samu wani."

"Sati bakwai! Sati bakwai ina tashi ƙarfe biyar ina haɗa maka abinci. Ni da ƙyar nake ɗaga kaina daga matashi, amma ina tashi, don na ce bawan Allah nan yana tsaye awa tara saboda ni. Ina kake kai abincin?"

"Ina ci."

"A ina?"

Ya murza hular da ke hannunsa.

"Bakin tafki. Wajen da ake sauke kwalekwale."

"Mace ce?"

Ya ɗago da sauri.

"Haba, Charlene."

"Ka faɗa min in mace ce. Na rantse zai fi min sauƙi."

"Dube ni da kyau. Wace mace ce za ta kwashi wannan? Babu kowa. Ni kaɗai nake zama a mota. Satin farko na zaga neman aiki, wuri goma sha ɗaya. Da sun ga furfura sai su ce za su kira. Daga baya sai na daina zagawar."

"Kuɗin cefanen da kake ba ni fa?"

"Na sayar da kwalekwalena."

"Ka ce min yana wurin gyara."

"Na ce."

Ta tashi, ta je bakin famfo, ta buɗe ruwa ba tare da ta san me za ta wanke ba. Ta rufe. Ta juyo.

"Me ka yi musu?"

"Ba komai."

"Ba a korar mutum bayan shekara goma sha tara a kan ba komai. Faɗa ka yi da Curtis?"

"A'a."

"Sha ka koma?"

"Kin san rabona da kwalba tun kafin a haifi 'yarmu Kayleen."

"To me ka yi?"

"Rage ma'aikata suka yi."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba.

"Dwight Tackett, shekara ashirin da huɗu ina kwana gefenka. Idan za ka yi ƙarya kunnenka ja yake yi. Ga shi nan kamar tumatir. Me ka yi?"

"Ki bar maganar nan. Don Allah."

"Ba zan bari ba."

"Ba za ta amfane ki ba."

"Ni zan faɗi abin da zai amfane ni!"

Ya buga hannu a teburin har robar maganin ta yi tsalle.

"Fashin aiki! Shi ke nan? Kin ji? Fashi da makara!"

 

"Kai ba ka fashi," ta ce a hankali. "Da zazzaɓi ma kake zuwa."

Ba ta buƙaci amsa ba, don tana cikin faɗa lissafin ya zo mata da kansa.

"Kwana goma sha ɗayan nan."

"Charlene, ki bari."

"Ka ce min sun ba ka hutu."

"Sun ba ni takarda. Suka ce likitarki ta cike, in mayar cikin kwana goma sha biyar. Na jefa ta bayan kujerar mota. Lokacin ba na tuna ko sunana. Da na tuna, wata ya wuce. Suka ce lokaci ya ƙure, duk kwanakin an rubuta su fashi."

"Makarar fa?"



"Safiyoyin da nake kasa tashi," ta amsa wa kanta. "Kana zama bakin gado kana cewa Curtis ya san da maganar."

"Ya sani. Ba shi ke lissafin ba, kwamfuta ce. Kowace makara maki ɗaya. In ka cika, ka tafi."

"Na ƙarshen fa? Wace rana ce?"

"Ban tuna ba."

"Biyar ga Yuni Alhamis ce. Ranar Laraba ka kai ni ganin likita, saboda na ce ba zan iya tuƙi ba."

 Ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jingine da kabad.

"Ni ce."

"Kin gani? Kin ga abin da ya sa ban faɗa ba?" Ya sauko daga kujera, ya durƙusa gabanta, gwiwarsa ta yi ƙara. "Na san haka za ki ce. Na san za ki ɗauka ki ɗora a kanki, ki shige ɗaki ki ja labule. Ba ke ba ce. Ni na manta takarda. Ni!"

"Ciwona ya cinye maka aiki, aikin kuma shi ke sayen maganin ciwon."

"Ki daina."

"Ina wasiƙar?"

"Wace?"

"Wadda suka aiko. Yaron inshora ya ce an aiko."

Ya laluba aljihun baya, ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Ta warware. Rubutu shafi huɗu, ƙanana. Idonta ya tafi kai tsaye inda aka ja layi da biro.

Za su iya ci gaba da inshorar. Dala dubu ɗaya da ɗari bakwai kowane wata, daga aljihunsu.

Ita kuwa kwana uku take yi a sati a shagon gwanjon coci, rabin yini.

"Inshorar gwamnati fa? Ai akwai ta marasa ƙarfi."

"Na je. Kada ki ɗauka zama kawai na yi. Akwai wata mata a ɗakin karatu na gari da ke taimaka wa mutane cike takardun. Awa biyu muka yi. Ta ce a jihar nan, in ba ki da ƙaramin yaro, ba ki da ciki, ba a rubuta ki naƙasasshiya ba, ba ki ciki."

"Ɗaya fa? Wadda ake saye a rage maka kuɗi?"

"Ita kuma sai abin da ke shigo muku a shekara ya kai wani mizani. Ta lissafa namu, ta ce da wuya ya kai in ban samu aiki ba."

Charlene ta dube shi.

"Ban gane ba. Bai kai ba?"

"Bai kai ba."

"Wato talaucin namu ne ya yi yawa?"

"Haka ta ce. Ita ma kunya ta kama ta. Ta ce da a ce gidanmu na can tsallaken iyaka, a Kentucky, da yau an ba mu."

"Tafiyar awa ɗaya."

"Awa ɗaya da kwata."

Dariya ta kufce mata, mai ɗaci, har da hawaye. Shi bai yi ba.

Ta share fuska da gefen riga, ta miƙa hannu ta ɗauko robar maganin daga teburi. Ta girgiza. Ƙwaya biyu suka yi ƙara.

"Ga wani abin kuma, tun da yau ranar faɗin gaskiya ce. Kaina ya fara kwancewa, Dwight. Ina shan magani sau biyu ban sani ba. Ya kamata a ce tara ne a nan. Bakwai sun tafi, ban san lokacin da na sha su ba. Na ɓoye maka. Na ɓoye wa likita. Kullum sai na ƙirga, in rubuta a hannuna, washegari in ga ya ragu. Ina jin tsoro."

Ta zaci zai rungume ta.

Sai ta ga fuskarsa ta yi fari fat.

"Ba ki sha ba," ya ce.

"Me?"

"Kanki lafiya lau yake. Ba ki sha sau biyu ba."

Ta zuba masa ido.

"Rabi nake ɗauka. Da wuƙa nake rabawa. In kina wanka."

"Kai?"

"Na ga ya taimake ki. Na ce ko ni ma..."

"Dwight."

"Ba na barci, Charlene. Ba na jin ɗanɗanon komai. Abincin da kike haɗa min, agwagin tafki ke cin rabi. Ina zaune a mota sai in ga hawaye na zuba, ban san na mene ne ba. Wani abu ya zauna min a nan." Ya dafa ƙirji. "Kamar an ɗora min injin mota. Ban san haka kike ji ba. Na rantse da na sani, da ban taɓa ce miki ki daure ba."

Ta rasa wanda za ta fara ji, tausayi ko fushi. Fushin ne ya riga fita.

"Sati biyu ina zaton na haukace!"

"Na sani."

"Kana kallona ina rubutu a hannu kamar 'yar makaranta!"

"Na sani."

"Ba a shan maganin wani, Dwight! Ba alewa ba ce! Me ya hana ka ganin likita?"

"Da wane katin?"

Ta ɗaga kai ta dubi katin da ke kan teburi.

"Kuma in je in ce me? Ubana ya yi shekara talatin a ramin kwal, bai taɓa zama gaban wani yana ba shi labarin zuciyarsa ba."

"Ubanka ya yi shekara goma bai yi wa uwarka magana ba. Shi ma ciwon ne, ba a dai ba shi suna ba."

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tun ranar da aka binne mahaifiyarsa ba ta ga kukansa ba. Ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta, suna zaune a ƙasan kicin, robar na hannunta.

Mutum biyu, ƙwaya biyu.

"Gobe zan kira ofishin likitata," ta ce. "Vonda ta ce wani lokaci suna da na gwaji. Akwai kuma asibitin nan na gunduma da ke karɓar abin da mutum ya iya."

"Na kira su. Sun ce layin likitan ƙwaƙwalwa sai Nuwamba."

"To mu shiga layin. Mu biyu."

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa hannu cikin wuyan rigarsa, ya ciro wata igiyar takalmi mai ɗauke da ƙaramin mukulli.

Ta san shi. Mukullin kabad ɗin ƙarfe ne da ke lungun ɗakin kwana, inda bindigoginsa suke. Ranar da za a sallame ta likita ta ja shi gefe ta ce ya kulle su, kada mukullin ya zauna inda Charlene za ta gani. Tun daga ranar a wuyansa yake, ko wanka zai yi.

Ya cire igiyar ta kansa. Ya buɗe tafin hannunta, ya saka, ya rufe yatsunta a kai.

"Me ke nan?"

"Ki kira Royce. Ya zo ya kwashe su, ya kai gidansa."

Royce yayanta ne, gonarsa tafiyar minti ashirin.

"Ni aka ce a ɓoye wa wannan, Dwight."

"Na sani. Yanzu ya fi aminci a hannunki."



"Me kake gaya min?"

"Ko na roƙe ki, kada ki ba ni. Ko na yi fushi. Ko na ce barewa zan harba."

"Dwight, ka yi tunanin..."

"Ki kira shi kawai."

"Amsa min! Ka yi tunanin?"

"Ba kullum ba."

Ba kullum ba. Ita ta san ma'anar wannan amsar fiye da kowa, don ita ma ta taɓa ba da ita.

Ta miƙe. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Ba inda za ka. Ka ji? Royce zai zo, sannan mu uku mu tafi asibiti. Ɓangaren gaggawa ba sa korar mutum don ba shi da kati."

"Su aiko da takardar da za ta cinye gidan nan?"

"Su cinye! Su haɗa da kujerun!"

Ya ɗan murmusa.

"Bari in sha iska a baranda. Kicin ɗin nan ya matse ni."

"Inda zan gan ka."

"Ina nan kan kujera."

Ta bi shi da ido har ya zauna a kujerar lilo, ya ɗora hula a gwiwa. Sannan ta danna lambar Royce, tana tafiya lungun ɗaki.

Sai da ta yi ƙara biyar ya ɗauka, ana jin kukan tarakta a bayansa.

"Ƙanwata! Wa ya mutu kika tuna da ni?"

"Yaya, ka bar abin da kake yi ka zo yanzu."

Taraktar ta mutu nan take.

"Jikin ne?"

"Ba ni ba ce. Dwight ne. Ka zo ka kwashe bindigoginsa."

Royce bai yi tambaya ba.

"Ga ni nan. Guda nawa ne? In san bargon da zan ɗauko."

"Huɗu, ina jin. Tsaya in duba."

Ta maƙale wayar a kafaɗa. Sau biyu mukullin na kufcewa kafin ya shiga. Ƙofar ƙarfen ta buɗe da wani dogon ƙara da ya cika gidan.

Ta farautar barewa tana nan.

Ta harbin tsuntsu tana nan.

Tsohuwar ta mahaifinsa tana nan, a naɗe cikin tawul.

A kan shiryayyen sama, inda ƙaramar take zama, jakar fatarta ce kawai, a buɗe. Ƙura ta kwanta a kanta. Ba yau aka ɗauke ta ba, ba jiya ba.

Sati bakwai. Shi kaɗai a mota. Bakin tafki.

"Charlene? Nawa ne?"

Daga waje ta ji an rufe ƙofar mota.

Sai injin ya tashi.

Wayar ta faɗi. Ba ta san lokacin da ta ratsa falo ba, ba ta san ta ture ƙofar raga ba. Kujerar lilo na kaɗawa ita kaɗai, hular na ƙasa. Ta dira daga baranda ba takalmi, tsakuwa mai zafi na cizon ƙafarta, ta sha gaban motar, ta kifa hannu biyu a kan bonet.

"Kashe motar nan!"

Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, gilashi a rufe.

"Dwight! Na ce ka kashe! Sai dai ka bi ta kaina!"

Ya dube ta. Bakinsa ya motsa, yana faɗin wani abu da ƙarar injin ta hana ta ji.

"Ban ji ba! Buɗe gilashin! Buɗe ka faɗa min!"

Hannunsa na dama ya sauka daga sitiyari.

Ta ji giya ta shiga.

Ta runtse ido, ta ƙanƙame ƙarfen, ta kafa ƙafafunta a ƙasa.

Sai ta ji bonet ɗin yana zamewa daga ƙarƙashin tafin hannunta.

Ba gaba ya sa ba. Baya ya sa.